Ƙuruciyar Aro: Me Ake Kewa a Finafinan Barkwancin 'Yan Sakandaren Amurka?

Duk ranar 3 ga Oktoba, shafukan sada zumunta a Amurka kan cika da hotunan wani fim mai suna Mean Girls wanda ya fito tun 2004. Dalilin bai taka kara ya karya ba. A wani wuri cikin fim ɗin, saurayin da jarumar ke mutuwar so ya juyo a aji ya tambaye ta kwanan wata, ranar kuwa 3 ga Oktoba ce. Shi ke nan. Amma iyayen 'ya'ya, da magidantan da furfura ta fara leƙo musu, sun mayar da ranar kamar ta biki. Wanda ya tsaya ya karanta abin da suke rubutawa zai ga da ƙyar ake samun mai maganar tsarin labarin ko iya wasan jarumai. Zancensu shi ne a gidan wa suka kalla, wace riga ake yayi a shekarar, wace ƙawa ce suka ɓata da ita a wannan zangon karatu. An tambaye su fim, sun ba da labarin kansu. Ba na ganin wannan abin dariya ne, domin haka ƙwaƙwalwar ɗan'adam take aiki. Sai dai akwai lauje cikin naɗi. Ƙuruciyar da suke hangowa a finafinan nan ba tasu ba ce. Ta wasu manya ce da suka riga su shiga kewa, suka gyara ta, suka sayar musu tun suna yara, su kuma suka girma suna ɗaukar ta a matsayin tarihinsu. Saboda haka son da mutum ke yi wa irin wannan fim shaida ce mai ƙarfi a kan shi mai kallon, amma mai rauni ce a kan ingancin fim ɗin, ta kuma fi rauni a kan yadda zamanin yake.

Ga wanda bai saba da su ba, finafinan barkwancin matasa wani reshe ne na Hollywood da fasalinsa bai cika sauyawa ba. Fagensu makarantar sakandare ce ta jeka-ka-dawo, maza da mata a haɗe, babu yunifom, kowa da kabad ɗinsa na ƙarfe a baranda. Ɗalibai sun rabu gida-gida: 'yan ƙwallo da ake ji da su, 'yan mata masu farin jini da ke juya kowa, masu ƙwazon karatu da ba mai ko kallonsu, sai 'yan tawaye da ke laɓewa bayan gini. A ɗakin cin abinci kowane rukuni da teburinsa, kuma zama a teburin da ba naka ba laifi ne babba. Labarin kan nufi wani dare guda, ko bikin rawar ƙarshen shekara da kowa ke neman abokin rakiya, ko casun da aka haɗa a gidan da iyaye suka yi tafiya. Iyaye da malamai kuwa, in ba a ɓatar da su ba, an mayar da su abin tsokana.

Wanda ya fi kowa kafa wannan fasali shi ne John Hughes, mutumin da ya yi sakandare a unguwannin masu hali na bayan birnin Chicago, ya kuma ƙirƙiri wani gari mai suna Shermer ya riƙa dasa labaransa a ciki. Cikin shekara uku ya fitar da Sixteen Candles a 1984, The Breakfast Club a 1985, da Ferris Bueller's Day Off a 1986. A The Breakfast Club, ɗalibai biyar daga rukunai daban-daban aka yi wa horon zuwa makaranta ranar Asabar, aka tsare su a laburare wuni guda, suka fara da gatse da faɗa, suka ƙare da amayar wa juna abin da ke cikinsu. An kashe masa kusan dala miliyan 1, ya kawo sama da miliyan 50, kuma a 2016 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ake adana wa ƙasa. Ana yawan cewa fim ɗin ya yi magana da bakin matasa. To, amma Hughes yana da shekara 34 lokacin da ya shirya shi, Judd Nelson da ya fito a ɗan tawayen yana da 25 lokacin da aka sake shi. Alan Ruck, abokin Ferris Bueller, ya yi wasan ɗan sakandare yana da 29. Stockard Channing a fim ɗin Grease tana da 33. Rachel McAdams, sarauniyar mugayen 'yan matan Mean Girls, tana da 25 sa'ad da fim ɗin ya fito. Akwai dalilin aiki a ciki, domin doka ta taƙaita awoyin da yaro zai yi a wurin ɗaukar fim. Amma sakamakon shi ne yarinya mai shekara 14, ga ƙurajen balaga a fuska, ga jikin da bai gama zama ba, tana auna kanta da cikakkiyar mace da aka ce mata sa'arta ce.

Abin bai tsaya ga shekarun jarumai ba. Tun asalinsa wannan reshe a kan waiwaye aka gina shi. George Lucas ya fitar da American Graffiti a 1973, amma labarin na wani dare ne a 1962, shekarar da shi kansa ya gama sakandare a garin Modesto na California. Ya zaɓi lokacin da ba a kashe Shugaba Kennedy ba tukuna, yaƙin Vietnam kuma bai fara cin samari da yawa ba, ya miƙa shi ga Amurkawan da suka gaji da yaƙi da abin kunyar Watergate. Grease na 1978 ya koma ƙarshen shekarun 1950. Back to the Future na 1985 ya ɗauki yaro ya jefa shi 1955 don ya ga iyayensa suna 'yan makaranta. Richard Linklater ya yi Dazed and Confused a 1993 a kan ranar rufe makaranta ta 1976 a Texas, lokacin da shi yake ɗan shekara sha biyar. Tazarar kan faɗa tsakanin shekara goma zuwa talatin, kuma ba sihiri a ciki: iya lokacin da yaro ke buƙata ke nan ya girma, ya samu kujerar da zai sa hannu a fitar da kuɗin fim. Ko waɗanda aka ce labarin yau ne, irin na Hughes, idon babba ne ke kallon baya. Babba ne ya san cewa wulaƙancin teburin cin abinci zai wuce, shi ya sa ya iya mayar da shi abin dariya. Yaron da ke cikin wulaƙancin bai ga abin dariya ba.

To me ya sa fim ɗin da wani ya yi don kewar kansa ke zama na mai kallo har ya rantse a kai? Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura da wani abu. David Rubin na Jami'ar Duke da abokan aikinsa sun nuna tun shekarun 1980 cewa idan aka sa mutanen da suka haura arba'in su tuno abubuwan rayuwarsu, kaso mafi tsoka kan fito ne daga tsakanin shekara 10 zuwa 30. A nan ne ake yin abubuwa karon farko, a nan kuma mutum ke tantance ko shi wane ne. A 1989 Morris Holbrook da Robert Schindler suka gwada abin a kan kiɗa, suka ga mutane sun fi ƙaunar waƙoƙin da suka yi tashe lokacin samartakarsu, ƙololuwar kuma wajen shekara 24. Fim ɗin matasa ya faɗo daidai wannan gaɓa, sannan kaset ɗin bidiyo ya ƙara masa ƙarfi. The Breakfast Club, alal misali, hukumar tace finafinai ta sa shi a rukunin da ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sinima sai da babba. Yara da yawa a kaset suka same shi, a falo, tare da abokai, suna maimaitawa har sun haddace. Abin da aka kalla sau ashirin a shekarun da ƙwaƙwalwa ke riƙe komai, ba ya zama a ma'ajiyar finafinai. Yakan gauraya da rayuwar kanta. Kamar hoton sallah ne na situdiyo, wanda aka ɗauka gaban labule mai zanen bene da mota. Fuskar taka ce, murmushin ma na gaske ne, amma benen na mai hoto ne, kuma dubban mutane sun tsaya a gabansa.

Za a iya cewa na yi wa finafinan rashin adalci, domin matasa sun ga kansu a ciki, kuma wasu marubutan ba daga ka suka tsaro ba. Cameron Crowe yana da shekara 22 ya yi shigar ɗalibi, ya shafe shekarar karatu a wata sakandare ta San Diego, daga nan aka samu Fast Times at Ridgemont High na 1982. Tina Fey ta gina Mean Girls a kan littafin Rosalind Wiseman na 2002, wanda aka rubuta don iyaye su fahimci yadda 'yan mata ke cutar da juna ta gulma da wariya. Seth Rogen da Evan Goldberg sun fara rubuta Superbad tun suna 'yan shekara 13, ko da yake sai 2007 ya fito. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma na yarda da rabinta. Ciwon da finafinan ke taɓawa na gaske ne: tsoron a ƙi ka, kunyar talaucin gidanku, fargabar rabuwa da amini idan makaranta ta ƙare. Maganin da suke bayarwa ne na kasuwa. Dubi Pretty in Pink na 1986, wanda Hughes ya rubuta. A ƙarshensa na asali, 'yar talakawan ta ƙare ne tare da amininta talaka ɗan'uwanta. Da aka nuna wa 'yan kallon gwaji suka yi ihun ƙi, sai aka koma aka sake ɗaukar ƙarshen, aka ba ta ɗan masu kuɗi. A The Breakfast Club ma, yarinyar nan mai baƙaƙen kaya da ba ta shiga mutane ba ta samu saurayi ba sai da aka gyara mata gashi aka yi mata kwalliya irin ta sauran. Fim ɗin da ya shafe awa ɗaya da rabi yana cewa kowa a karɓe shi yadda yake, ya rufe da akasin haka. Sannan dukan ɗaliban biyar farar fata ne, a gefen birnin da baƙaƙen fata ke da yawan gaske. Wanda ya ce haka shekarun 1980 suke, unguwa ɗaya yake nufi.

Inda wannan bambanci tsakanin mai kallo da fim ya fi fitowa fili shi ne lokacin da aka koma kallo da idon girma. A 2018 Molly Ringwald, jarumar finafinan Hughes uku, ta rubuta dogon sharhi a mujallar The New Yorker bayan ta kalli The Breakfast Club tare da 'yarta. Abin da ya tsaya mata shi ne yadda ɗan tawayen ya wuni yana cin zarafin yarinyar da ta fito a matsayinta, har da leƙen ta a ƙarƙashin tebur, bai ba da haƙuri ba, amma a ƙarshe shi ya same ta. Ta kuma taɓo Sixteen Candles, inda saurayin da aka nuna a matsayin na kirki ya miƙa budurwarsa, tana buge ba ta san inda kanta yake ba, ga wani yaro ya tafi da ita. A fim ɗin dai akwai ɗalibi ɗan Asiya da aka mayar wawa, duk sanda aka ambaci sunansa sai a buga ƙararrawa. Revenge of the Nerds na 1984 ya nuna yaudarar mace ta hanyar ɓad da kama a matsayin nasara. American Pie na 1999, wanda ya tara sama da dala miliyan 200 a duniya, ya yi barkwanci da ɗaukar hoton yarinya a ɓoye ana watsawa ta intanet. Idan aka kawo waɗannan misalai, masoya finafinan kan fusata fiye da kima, kuma fushin kansa yana tabbatar da abin da nake faɗa. Ba wanda ke tayar da jijiyar wuya don an soki hasken kyamara. Suna ji ne kamar an ce musu yaron nan da ya yi dariya a falo mugu ne, ko kuwa abokan da suka yi dariyar tare ba mutanen kirki ba ne.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce bai kamata a auna jiya da mudun yau ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda ake zato ba. Ƙungiyoyin Amurkawa 'yan asalin Asiya sun koka da wancan ɗalibi na Sixteen Candles tun lokacin da fim ɗin ya fito, kuma yara 'yan Asiya da aka riƙa tsokana da sunansa a makaranta ba su jira 2018 ba kafin su san abin da ciwo. Mudun ya daɗe da wanzuwa, masu riƙe da shi ne ba a saurara. A ɗaya ɓangaren kuma, masu cewa a binne finafinan gaba ɗaya suna yin kuskure iri ɗaya da masu kare su, domin su ma sun haɗe fim da mai kallo, sun ɗauka duk wanda ya so shi ya amince da duk abin da ke ciki. Ringwald ba ta bi ko ɗaya ba. Ta kawo labarin wani baƙar fata da ya gaya mata finafinan sun taimake shi a ƙuruciya, alhali babu ko mutum ɗaya mai kama da shi a ciki. Abin da ya ɗauka shi ne akwai wasu yaran da su ma suke jin ba su da wuri. Ya tsinci abin da yake buƙata ya bar saura, kuma haka yawancin yara ke kallo.

Masu kallo a ƙasar Hausa suna da wani ƙarin mataki a wannan lamari. Da yawa sun haɗu da finafinan nan ne ta tauraron ɗan'adam, a tashoshi irin su MBC 2 da ta fara aiki a 2003, inda ake yanke wuraren da ba su dace ba kafin a nuna. Wanda ya kalli fim a can, yau ya nemo cikakkensa a intanet, zai iya tarar da abin da bai taɓa gani ba. Fim ɗin da yake kewa bai taɓa wanzuwa a Hollywood ba, almakashin wani ma'aikacin tasha ne ya samar da shi. Wanda kuma kewarsa ta fi karkata ga Indiya, ya tuna kwalejin Kuch Kuch Hota Hai na 1998, da ƙwallon kwando da rigunan kamfanonin Amurka. Ita ma aro ce daga wancan fasali, aka yi mata ado da waƙa da rawa.

Bahaushe ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma wani zai ce ai maganar ke nan, duk wannan kewa alamar gazawa ce, gara a bar ta. Binciken da Constantine Sedikides da Tim Wildschut suka shafe shekaru suna yi a Jami'ar Southampton ta Ingila ya gaskata rabin karin maganar. Sun ga kaɗaici da ɓacin rai na cikin manyan abubuwan da ke tayar da kewar baya. Amma sun kuma ga cewa bayan mutum ya yi tunanin, yakan ji ya fi kusa da mutane, ya kuma ji rayuwarsa na da ma'ana. Abubuwan da ake tunowa kusan kullum da mutane a ciki, 'yan'uwa da abokai. Ke nan wanda ya kunna fim irin Clueless bayan wahalar aiki ba guje wa duniya yake yi ba, yana neman waɗanda ya kalla tare da su ne. Illar tana zuwa ne kawai idan aka ɗauki wannan jin daɗi aka mayar da shi hukunci, aka ce finafinan da sun fi na yanzu, ko yaran da sun fi na yanzu tarbiyya. Mai faɗin haka yana gwada abin da ya kalla yana ɗan sha biyar da abin da yake kalla yana ɗan arba'in, ya manta cewa ba fim ne kaɗai ya sauya ba. Ya kuma manta tarin shirmen da aka fitar a shekarun nan, wanda ba mai tunawa da shi.

Wannan ba ya nufin babu na ƙwarai a cikinsu. Hanyar ganewa ita ce a miƙa fim ga wanda ba shi da tarihi da shi, a ga ko zai tsaya da ƙafarsa. Clueless na 1995 yakan ci wannan jarrabawa, kuma ba mamaki, domin Amy Heckerling ta ɗora shi ne a kan Emma, littafin Jane Austen na 1815, labarin 'yar gata mai son haɗa mutane aure alhali ba ta san zuciyarta ba. 10 Things I Hate About You na 1999 daga wasan Shakespeare aka ciro shi. Marubutan sun gane cewa sakandare, da matakan darajarta da gulmarta da dokokinta da ba a rubuta ba, ita ce wuri mafi kama da tsohuwar al'ummar masu sarauta da ya rage a Amurka. Irin waɗannan ƙashin bayansu ne ke riƙe su. Wasu kuwa da zarar an cire kewar sai su zube, kuma mai kallo na farko ne kawai zai iya faɗa, domin tsohon masoyi ya riga ya rasa wannan ido.

Kamfanoni sun san duk wannan, kuma suna cin kasuwarsa. Mean Girls ya koma wasan dandamali mai waƙoƙi a Broadway a 2018, wasan ya sake komawa fim a 2024, ana harin uwa da 'yarta da tikiti biyu. Amma misalin da ya fi nuna nisan aron shi ne Stranger Things na Netflix, wanda ba barkwanci ba ne zalla, sai dai da kayan finafinan matasan shekarun 1980 aka ɗinka shi. Labarin ya fara a 1983, tagwayen da suka ƙirƙire shi, 'yan gidan Duffer, a 1984 aka haife su. Zamanin da suke nunawa a kaset suka san shi. Da shirin ya sa wata waƙar Kate Bush ta 1985 a zangonsa na huɗu, waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a 2022, shekara 37 bayan fitowarta, kuma yaran da aka haifa bayan 2000 na cikin waɗanda suka kai ta can. Carol Krumhansl ta Jami'ar Cornell ta riga ta ga alamar haka a 2013, lokacin da ta gwada ɗalibai 'yan kimanin shekara ashirin da waƙoƙin shekaru daban-daban. Bayan waƙoƙin zamaninsu, sun nuna shaƙuwa ta musamman da na farkon shekarun 1980, wato waƙoƙin samartakar iyayensu, waɗanda suka taso suna ji a gida da cikin mota.